Igiyar Gwamnati

Malam Shu'aibu ya juya firam ɗin ya duba bayansa, kamar mai zaton akwai wata takardar a maƙale a can. Babu komai sai ƙananan ƙusoshi da igiyar ratayewa. Ya sake juyo shi, ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya gyara zaman tabarau a hancinsa.

"Sista, wagga kaɗai anka ba ki?"

"Guda nawa ake bayarwa?" in ji Maryamu. Ta so ta yi dariya, amma fuskar mutumin ta hana ta.

Wata shida ke nan da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, ofisoshin Gusau kuwa har yanzu ba su gama zama ofisoshi ba. Fayil-fayil na nan jibge a ƙasa, ɗaure da igiyar rama yadda motoci suka sauke su, tebur uku a ɗakin da bai fi ƙarfin ɗaya ba. Ana rabon ma'aikata tsakanin jihohin biyu, kuma ƙa'idar ba ta da wuya: ɗan Zamfara ya zauna Zamfara. Maryamu 'yar Kagoro ce, shekara goma sha shida tana ungozoma a asibitin Bungudu, amma sunanta ya faɗa jerin waɗanda za su koma Sakkwato. Hanya ɗaya ce ta rage mata, wato ta nuna shaidar cewa ɗan jiha take aure. Yau Alhamis ake rufe jerin, gobe da safe mota ta tafi da shi. Idan sunanta ya bi motar, to ita ma ta bi, ta bar gidanta da mijinta Ishaya.

Ko a jikinta ba ta ji abin ba. Me ya fi wannan sauƙi? Takardar aurenta shekara goma sha huɗu tana rataye a falo, sama da rediyo, duk baƙon da ya shigo sai ya gan ta kafin ya ga masu gidan. Da safen nan ma Ishaya ne da kansa ya taka kujera ya sauko da ita, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ɗauko Maryamu a babur daga Bungudu ya sauke ta a ƙofar ofishin, sannan ya wuce wajen aikinsa na malamin gona.

A teburin gefe, Gambo mai buga tafireta ya bar aikinsa yana ba wani direba labarin da ya ji a rediyo da asuba.

"Wallahi da kunnena na ji. Can Amurka, namiji da namiji sun tahi kotu a ba su takardar aure. To yanzu rigimar da aka yi, in wata jiha ta ba su, dole ne sauran jihohi su yarda da ita? Gwamnatin ƙasar ta ce ita ba ta san zancen ba."

"A'uzubillahi," in ji direban. "Duniya ta zo ƙarshe."

Maryamu ta girgiza kai ita ma. An yi wannan maganar a Zumuntar Mata ta cocinsu ranar Talata, kuma ita ce ta fi kowa jan tsaki.

"Ni dai abin da na gane," in ji Malam Shu'aibu ba tare da ya dube su ba, "can ma rigimar takarda ce. Gambo, buga mini jerin nan, ka bar Amurka ta ji da kanta." Ya ajiye firam ɗin a hankali, ya rage murya. "Sista, ki yi haƙuri da abin da zan hwaɗa miki. Wagga ba takardar gwamnati ba ce. Katin coci ne."

"A coci aka ɗaura auren, ai dole ya zama na coci."

"Awo, amma iri biyu ne. Na yi shekara tara ofishin rajistar aure kahin a maido ni nan." Ya jawo wani fayil, ya zaro wata takarda ya shimfiɗa kusa da tata. "Duba ta wata malamar makaranta. Ga tambarin ƙasa, ga lamba, ga gehen da anka yage daga littahi. Kahin a ba da irin wagga, sai miji ya zo ya kai sanarwa, a kahe ta ga allo kwana ashirin da ɗaya, sannan a ba fasto izini. Taki kuwa ba ta da lamba. Ana sai da irinta shagon littattafai, fasto ya cika da hannu. Albarka ce anka sa muku, kuma albarka abu ce mai kyau, amma ba ni da gurbinta cikin fayil."

Maryamu ta dubi takardun biyu. Tata ta fi kyau nesa ba kusa ba, da furanni a gefe da kurciyoyi biyu da ayar Littafi Mai Tsarki da ruwan zinariya. Ɗayar kuwa fayau take kamar rasidin asibiti. Ranta ya ɓaci, kuma a kan Malam Shu'aibu ya ɓaci, don shi ne a gabanta.

"Malam, mijina ya kai sanarwa. Ina nan ya tafi Gusau ya dawo. Ko don mu Kirista ne ake neman a wahalar da mu?"

Bai ji haushi ba. Da alama ya sha jin irinta.

"Wadda na nuna miki ma Kirista ce. Wa ya ɗaura auren, yana da rai?"

"Fasto Ayuba. Ya yi ritaya, yana Tsafe."

"To ki tahi ki tambaye shi. Wata ƙila ta gaskiyar tana cikin akwatinshi, ya manta bai ba ku ba, tsofaffi suna haka. Ina nan har ƙarhe huɗu."

Ta naɗe firam ɗin a mayafi ta fita. Ta yi tunanin biyawa ofishin Ishaya, sai ta ga ɓata lokaci ne, ta hau acaɓa zuwa tasha.

Motar Tsafe ta cika da 'yan kasuwa da buhunan barkono, zafin bazara kuwa ya sa kowa ya yi shiru. Maryamu ta rungume kayanta a ƙirji tana tuna ranar da Ishaya ya tafi kai sanarwar. Ta tuna sarai, domin ita ce ta goge masa farar rigar da ya sa. Da yamma ya dawo da lemo a leda, ya ce an gama, an kafa sunayensu a allo, duk mai ƙorafi ya fito. Ta tsokane shi cewa bari ta je ta gani da idonta, ya ce hanya ba kyau, ta bari kawai. Ta bari.

Kuma tun daga lokacin ba ta taɓa rufe baki a kan wannan aure ba. Ita ce shugabar Zumuntar Mata a cocinsu, duk yarinyar da aka sa wa rana sai an turo ta falon Maman Alheri, kamar yadda ake kiranta da sunan 'yarta ta fari, ta ji nasiha. Takan nuna musu bango ta ce, "Kada ki yarda da ƙasa da wannan. Wannan ita ce mai hana namiji ya wayi gari ya ce ya canza ra'ayi." 'Yan mata nawa ta nuna wa kurciyoyin nan? Ta fara ƙirga su, ta ga sun yi yawa, ta daina.

Ta sami Fasto Ayuba a ƙofar gidansa a bayan kasuwar Tsafe, yana zaune a kan tabarma yana ɓare gyaɗar iri. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari, amma ya gane muryarta.

"Maryamu ɗiyata! Yau wace rana? Ina Ishaya, ina jikokina?"

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi jiki, ta tambayi Mama matarsa, ta sha ruwan da aka kawo. Sannan ta warware mayafin ta ajiye firam ɗin a gabansa.

"Baba, na kai wannan ofis, sun ce akwai wata mai lamba. Sun ce watakila tana wurinka."

Hannun tsohon ya tsaya a cikin kwaryar gyaɗar. Bai ɗauki firam ɗin ba, bai ma matso ya duba ba. A nan Maryamu ta sani. Da ya yi mamaki, da ya tashi yana laluben akwati, ko da ƙarya ce, da ta sami abin riƙewa.

"Ishaya bai gaya miki ba," in ji shi. Ba tambaya ba ce.

"Me zai gaya mini, Baba?"

Ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsunsa.

"Saura kwana huɗu biki na tambaye shi izinin rajista. Ya ce bai kai sanarwa ba. Ya tahi Gusau ya yi yawo kasuwa ya komo. Mahaihinshi, marigayi Jibo, shi ya hana. Ya ce shi ya yarda ɗanshi ya auri baƙuwa, amma bai yarda a ɗaure shi da igiyar gwamnati ba. Ya ce in an yi na gwamnati, ko ba ki haihu ba, ko zama ya ƙi, yaron ba shi da wata ƙohwa. A bari a ga kamun ludayinki tukuna."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na yi hwaɗa. Allah ya sani na yi hwaɗa. Amma mutanenku sun taso daga Kagoro, an sayi shinkahwa, an ɗinka kaya. Jibo dattijon ikilisiya ne, shi ya ba da hilin da munka gina coci Kucheri. Na ce to in sa albarka, in ba da kati, bayan biki a gyara. Ishaya ya ɗora hannu bisa Littahi ya ce za ya gyara."

"Bayan biki," in ji Maryamu.

"Na tuna mishi da kinka haihi Alheri. Na tuna mishi da kinka haihi Albarka, na ce ga namiji, mi ya rage? Ya ce sai ya samu yadda za ya gaya miki."

"Baba Jibo shekara tara da mutuwa."

"Haka ne."

"Ni na yi jinyarsa. Wata biyar a ɗakina, ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Yana kirana ɗiyarsa." Ta nuna firam ɗin. "Kai kuma, Baba, sau nawa ka ci tuwo a falona a ƙarƙashin wannan abin? Har ka taɓa cewa in sa a sauya firam ɗin, ya yi tsatsa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Gaban Allah ke matatai ce, ɗiyata. Wannan ba mai ƙwace miki shi."

"Allah ba ya rabon ma'aikata, Baba."

Ta tashi. Ya ce ta tsaya su yi addu'a, ta ce lokaci ya ƙure, kuma gaskiya ne, amma ko da tana da yini guda ba za ta durƙusa ba. A ranta ba tsohon ne ya fi ba ta haushi ba. Matsoraci ne kawai, ya ga shinkafa ta dahu ya kasa cewa a'a.

A motar komawa ba ta yi kuka ba, abin ya wuce nan. An ci amanarta, kuma ba rana ɗaya aka ci ba, kullum ake ci, da safe da yamma, shekara goma sha huɗu. Maganar Gambo ta dawo mata. Ga wasu can bayan teku suna hawa kotu suna sauka don a ba su wannan takarda, duniya na zaginsu, ita ma ta taya. Ga nata mijin, wanda babu mai hana shi, babu mai zaginsa, hawa babur kawai zai yi ya sa hannu, shi kuwa ya je ya sayo lemo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne safiyar yau, yadda ya hura wa gilashin iska ya goge, ya miƙa mata ya ce Allah ya ba da sa'a.

Uku da rabi ta wuce lokacin da ta sauka a ƙofar ofishin. Babur ɗin Ishaya na jingine a gindin dalbejiya, shi kuma yana tsaye kusa da shi, hularsa a hannu. Dogon mutum ne mai sanyin magana, irin wanda mata a coci ke cewa Maman Alheri ta dace. Ya dubi fuskarta, ya dubi abin da ke naɗe a mayafi, ya kawar da ido.

"Na zo ɗaukar ki, anka ce kin tahi Tsafe."

"Na je."

"Maman Alheri, ki bari mu je gida in yi miki bayani."

"Ka yi a nan. Da safe da ka sauko da ita, me kake tunani?"

Ya juya hular a hannunsa. "Na zaci ba za su duba ba. Aiki ya yi musu yawa, na ce wata ƙila su ga hatimin coci su wuce."

"Da sun wuce fa?"

Ta riga ta san amsar. Da sun wuce, da yau da dare ya sake taka kujera ya mayar da ita kan ƙusarta.

"Ban taɓa kallon wata mace ba," in ji shi. "Ke kin sani. Da hwarko tsoron Baba ne. Daga baya tsoronki ne. Kullum sai in ga kin nuna ma yaran mutane, in ce yau kam ba zan iya ba. Abin ya yi ta nisa."

"Ba ka kalli wata ba, amma ka bar ƙofar a buɗe."

"Ban shiga ba."

"Ni ban ma san akwai ta ba, Ishaya."

Tun haihuwar Alheri ba ta kira shi da sunansa ba. Ya ɗago kamar an mare shi. Sai ya shiga magana da sauri, ya ce ya riga ya ga Malam Shu'aibu, akwai mafita, su shiga kawai kafin a tashi.

Ofishin ya yi shiru, direban ya tafi, Gambo na buga layin ƙarshe. Malam Shu'aibu ya dube su su biyun, ya nuna wa Maryamu kujera. Bai tambaye ta abin da ta samo a Tsafe ba, kuma ta gode masa a zuciyarta.

"Na gaya ma maigidan, aure na rajista ba ya yiwuwa yau, sai an cika kwana ashirin da ɗaya. Amma an biya sadaki ga iyayenki?"

"An biya," in ji Ishaya.

"To akwai takardar rantsuwa. Kotu na nan tsallaken titi, magatakarda bai tashi ba. Ku tahi ku biyu ku rantse cewa aurenku na gargajiya ne, bisa al'ada, a buga hatimi. In kun kawo mini kahin in kulle, in cire sunanki daga jerin Sakkwato. Gwamnati ta yarda da wannan."

"Kin ji," in ji Ishaya. "Minti goma ne. Sauran mu gyara daga baya, na rantse miki."

Daga baya. Maryamu ta kalli bakinsa da ya faɗi kalmar, ta juya ga Malam Shu'aibu.

"Malam, shi auren gargajiyar, yana hana miji ƙara aure?"

"A'a. Ba ya hanawa."

"Wato in ɗora hannuna a kan Littafi in rantse cewa irin auren da Baba Jibo ya zaɓa mini, shi na yi."

"Ni dai hanya na nuna, Sista."

Ta tuna ɗakin haihuwa na Bungudu, da matan ƙauye da ke cewa in ba Sista Maryamu ba su ba za su kwanta ba. Ta tuna 'yan bishiyoyin gwaiba da ta dasa a bayan gida. Alheri tana makarantar kwana, ba abin da zai sauya mata sai inda za ta je hutu. Albarka shekararsa bakwai, zai iya bin uwarsa, akwai makarantu a Sakkwato. Ba ta san kowa a can ba, ba ta san inda za ta kwana ba, kuma tsoro ya kama ta sosai. Amma ta san in ta tsallaka titin nan, an gama, ba za a ƙara gyara komai ba har ta mutu.

"Wanda aka tura Sakkwato, yaushe zai kama aiki?"

"Sati biyu aka ba shi."

"Maman Alheri!" in ji Ishaya. "Gidan fa? Yaran fa? Mi zan ce ma mutane coci?"

"Abin da ka shirya gaya mini shekara goma sha huɗu, shi za ka gaya musu." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka san inda ake kai sanarwa, a garin nan ne. In ka kai, an kafa, ka zo Sakkwato ka tambaye ni ko na yarda. Ban ce zan yarda ba."

Malam Shu'aibu ya jira kaɗan, ko wani zai ƙara magana. Da ya ga babu, ya jawo takardar tura ma'aikaci, ya cire murfin alƙalami.

"Wane suna zan sa?"

"Maryamu Ishaya," in ji Ishaya da sauri. "Haka yake cikin fayil ɗinta. Maryamu Ishaya Jibo."

Malam Shu'aibu ya dube shi ta saman tabarau, ba da wulaƙanci ba, yadda dai yake duban kowa.

"Malam, kana da takarda?"

Gambo ya daina buga tafireta.

"Maryamu Elisha," in ji ta. Sunan mahaifinta ya yi mata nauyi a baki don daɗewa ba ta faɗe shi ba, sai ta maimaita a hankali, shi kuma ya rubuta.